Taitaniyom a sabulun da ba a dafawa: fari nake nema, sai ga tsage-tsage da ɗigo-ɗigo

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da war haka. Don Allah taimako nake nema, wallahi tun safe raina a ɓace yake. Shekaranjiya na haɗa sabulun wanka irin wanda ba a dafawa, mai kilo ɗaya, man zaitun giram 300, man kwakwa 300, manja wanda na toya ya washe 300, man kaɗanya 100, kostik soda 143, ruwa 380. Oda ce wata ta ba ni na sabulun rabo a bikin ƙanwarta kuma ta ce fari tas take so kamar madara, shi ne na sayo wannan farar hodar taitaniyom na zuba babban cokali uku a kwaɓin bayan ya fara kauri, na juya da bilenda na zuba a mazubi na lulluɓe da bargo yadda aka koya mana. Yau na zo yankawa sai ga wasu layuka masu ɗan sheƙi sun ratsa cikinsa ko'ina kamar ƙasan tafki in ta bushe ta dare, ga wasu fararen ɗigo-ɗigo in wuƙa ta bi ta kansu sai su ja farin zane, kuma duk da haka bai yi farin ba, ruwan madarar gwangwani ya yi. Bikin saura sati biyar. Me na yi ba daidai ba?

Hajiya Mai Sabulu: Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, sabulunki bai lalace ba, kyan gani ne kawai ya rasa. Kafin na ce komai, a bushe kika zuba hodar ko kin dama ta? Kuma a ina kika ajiye mazubin?

Maman Ilham: A bushe Hajiya, kai tsaye daga leda. Mazubin kuma a sito na sa shi, ɗakin kwano ne ba silin.

Hajiya Mai Sabulu: To ai kin gama ba da amsa. Abu uku ne suka haɗu miki. Hodar nan ba ta narkewa, ko a ruwa ko a mai, warwatsuwa kawai take yi, in kika zuba ta a bushe cikin kwaɓin da ya riga ya yi kauri sai ta dunƙule kamar garin kunu da aka zuba a tafasasshen ruwa, su ne ɗigo-ɗigon da wuƙa take ja. Sannan kin cika ta. Babban cokali uku ƙaramin cokali tara ke nan, alhali ma'aunin da aka saba ƙaramin cokali ɗaya ne ga mai giram 450 zuwa 500, ke nan kilo ɗaya cokali biyu ya ishe shi, kin ninka fiye da sau huɗu. Na uku kuma bargo. Wanda ya koya miki lulluɓi da bargo daga masu sabulun ƙasashen sanyi ya ɗauko, ke kina Kano a watan Afrilu a ɗakin kwano, ai sabulun da kansa yana fitar da zafi in soda ta kama mai, kika ƙara masa na rana kika ƙara masa na bargo.

Ummi Maraɗi: Hajiya gaskiya ne, ni ma nan Maraɗi lokacin bazara ban rufe sabuni ko kaɗan, da asuba nake haɗi in ajiye bisa siminti inda iska ke bi. Sai lokacin ɗari nake ɗan rufe shi da zane.

Zee Ƙamshi: Maman Ilham kar ki yarda da shi ki zubar, fararen ɗigon nan soda ce ba ta narke ba, zai ƙona mutane.

Malam Kemist: Anti Zee a bi a hankali, ba lallai ba ne. Akwai bambanci kuma ana iya ganewa. Ɗigon taitaniyom a bushe yake, in kika murza da yatsa zai yi fari kamar alli, kuma in wuƙa ta ja shi zai bar zane, daidai yadda ta faɗa. Soda da ba ta narke ba yawanci za ki ga ƙwaya ce mai tauri kamar gishiri ko kuma wani ɗan rami mai tsattsafar da ruwa. Na duba lissafinta kuma, 143 na soda ga waɗannan mayuka daidai ne, har da rarar mai kusan kashi 5 cikin 100, saboda haka ba soda ce ta yi yawa ba. Maman Ilham ki bar shi ya ƙara kwana uku, ki sa safar hannu ki jiƙa yatsa ki goga a kan ɗigon ki ɗan taɓa a bakin harshe, in ya fizge ki kamar kin lasa batir to soda ce, in ɗanɗanon sabulu kawai kika ji to hoda ce.

Maman Ilham: To Malam su kuma layukan nan fa? Su ne suka fi tayar min da hankali.

Malam Kemist: Su masu sabulu na Turai da Amurka kogin gilisarin suke ce musu, kodayake ba gilisarin zalla ba ne (gilisarin wani ruwa ne mai kauri da ke samuwa in soda ta kama mai). Abin da ke faruwa, in sabulu ya yi zafi sosai a mazubi yana komawa kamar jel, to in ya daɗe a haka sannan ya huce a hankali a hankali, sassansa ba sa daskarewa lokaci ɗaya, wani ɓangare ya riga wani, hodar sai ta taru a wani wuri ta bar wani wuri babu ita. Wurin da babu hoda shi ne layin da kike gani mai sheƙi. Yana faruwa ko da wasu kaloli, amma da taitaniyom ya fi fitowa fili don hodar tana rufe haske gaba ɗaya, gefenta kuma haske na ratsawa. Kuma ruwanki ya yi yawa. 380 ga soda 143 ƙarfin ruwan sodar bai wuce kashi 27 ba, sabulu mai ruwa da yawa kuwa ya fi saurin shiga jel ya kuma fi daɗewa a ciki. Ki mayar da ruwan ninki biyu na sodar, wato 286, ƙarfin ya koma kashi 33, wannan kaɗai yana maganin yawancin matsalar. Amma ki sani zai fi saurin kauri, ki shirya komai a gabanki kafin ki haɗa.

Hajiya Mai Sabulu: Bari in faɗa muku yadda nake yi, shekara da shekaru ban ƙara ganin ɗigo ba. Ina da kwalba mai murfi, in zuba hoda kashi ɗaya man da ba shi da nauyi kashi uku, wato ƙaramin cokali na hoda babban cokali na mai, in jefa 'yan ƙananan ƙarafa masu tsabta marasa tsatsa guda biyu a ciki in girgiza sosai, in bar ta ta kwana. Ranar haɗi in sake girgizawa in tace da 'yar matatar shayi, in zuba tun a cikin mai kafin ruwan soda ya shiga in buga da bilenda, ba sai ya yi kauri ba. Man da kika dama da shi ki cire shi daga cikin man haɗinki kada ki ƙaro na waje lissafi ya canza. Abu ɗaya da za ku lura, akwai wadda aka yi don ruwa akwai wadda aka yi don mai, akwai mai shiga duka biyun. Masu shago da yawa ba su san wacce suke sayarwa ba. Ki ɗebi kaɗan ki zuba a kofin ruwa, kaɗan a kofin mai, ki juya, inda ta baje ta yi kamar madara nan ne gidanta, inda ta yi gudaji ta kwanta ba nan ba ne. In ta ruwa ce sai ki rage ruwa kaɗan daga na haɗin ki dama ta da shi.

Baban Sadik: Ni fa duk wannan wahalar ban gane ta ba. Mu masu sabulun wanki a Kaduna da man alayyadi muke yi, mu jiƙa soda ta kwana mu auna ƙarfin ruwanta da haidiromita, mu zuba soda ash da siliket da farar ƙasa, sabulu ya fito fari ba kwalba ba matata. Ta sa farar ƙasa mana, ta fi arha nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Sabulu: Baban Sadik sabulunku daban namu daban. Naku man alayyadi ne kusan zalla, shi da man kwakwa dama fari suke fitowa ko ba a sa komai ba, kuma na wanki ne, in ya ɗan yi kaushi riga ba za ta yi ƙorafi ba. Farar ƙasa ina sa ta a na wanka don santsi, amma ba ta rufe launin mai yadda taitaniyom ke yi, in kuma ka cika ta sabulun ya yi nauyi kumfa ta ragu.

Malam Kemist: Hajiya ta yi daidai kuma akwai dalili. Abin da ke sa hoda ta yi fari a cikin wani abu shi ne yadda take karya haske fiye da abin da take ciki. Farar ƙasa da alli ma'auninsu na karya haske wajen 1.6 ne, mai da sabulu kuma wajen 1.5, sun yi kusa da juna, shi ya sa alli yana fari a bushe amma da ya jiƙe da mai sai farin ya gudu. Zinki oksayid, wata farar hodar daban, wajen 2 ne, ya fi su. Taitaniyom kuwa wajen 2.5 zuwa 2.7, babu farar hodar da ake amfani da ita da ta kamo shi, shi ya sa yake cikin fenti da takarda da roba da man goge baki. Kuma shi ya sa kaɗan ya isa.

Anti Larai Jos: Malam ashe abin nan daga ƙasa ake haƙo shi? Wani ya taɓa ce min ana samunsa a wajenmu.

Malam Kemist: Ƙwarai Anti. Daga ma'adanai biyu ake fitar da shi, ilmanait da rutayil, kuma ana samun su a yashin kuza na Filato. Saliyo ma tana cikin manyan masu fitar da rutayil a duniya. Amma abin da ake haƙowa baƙi ne ko ja-ja, sai an kai masana'anta an tace da asid ko da kulorin kafin ya zama farar hodar nan, wadda ke hannunmu daga waje ake shigo da ita.

Maman Ilham: To yanzu in na bi duk wannan zai yi fari tas ɗin?

Ummi Maraɗi: 'Yar uwa da wannan mai naki ba zai yi ba. Hodar launin da ke ƙasa take dishewa, kamar ki zuba madara cikin shayi, in shayin ya yi baƙi madara ba ta maida shi nono. Manja ko an toya shi yana da sauran ja, man zaitun na asali yana da kore-kore, man kaɗe ɗanye yana da ruwan ƙwai. Ni in ina son fari kitsen saniya nake narkewa in tace sau biyu da ruwa da gishiri har wari ya fita, in haɗa da man kwakwa, wallahi ko hoda ban sa ba yana fita fari, in na sa rabin cokali sai ya zama kamar ƙanƙara. Mu da ke da mahauta ko'ina bai kamata muna wahala da manja ba.

Hajiya Mai Sabulu: Ummi Allah ya yi miki albarka, maganar ke nan. Daga mai ake fara neman fari, hoda ƙarasawa take. Maman Ilham in za ki canza manja da kitse ki sake buga lissafin soda a SoapCalc, shafin intanet na lissafin sabulu, ko wani makamancinsa, sodar da manja da kitse ke buƙata kusan ɗaya ce amma kada ki yi da ka. Kuma wane turare kika sa?

Maman Ilham: Mai ƙamshin banila Hajiya, shi amaryar take so.

Hajiya Mai Sabulu: Innalillahi, to wannan shi ne babba ma. Duk turaren da ke da banila a ciki yana mayar da sabulu ruwan ƙasa, ba ranar farko ba, a hankali yake yi in iska tana taɓa shi, nan da sati biyu wanda kika yanka yau za ki ga ya koma kalar shayi da madara ko ma ya fi haka duhu, kuma ko buhu kika zuba na taitaniyom ba zai hana ba. Ki kira ta yau ki gaya mata gaskiya, ko fari ko banila, ta zaɓi ɗaya. Ki ba ta turaren lemun tsami ko na'a-na'a ko labanda, su ba sa rina sabulu.

Zee Ƙamshi: Ni dai ina da tambaya tunda ana maganar. Ni ina sa shi a sabulun haske da nake sayarwa, kwastomomi suna cewa yana musu aiki, kuma ai shi ake sawa a man kare rana. Ba laifi in rubuta a jiki cewa yana haska fata ko?

Malam Kemist: Anti Zee don Allah kar ki rubuta, ba gaskiya ba ne. Taitaniyom sabulu yake farantawa, ba ya shiga fata balle ya taɓa launinta, yana hawa ne a kai, kina ɗauraye jiki ya bi ruwa. In an cika shi mutum zai ga wani fari-fari ya rage masa a fata bayan wanka kamar ya shafa hoda, wataƙila shi suke gani su ce haske ne, da an goge da tawul ya tafi. Man kare rana kuma shafawa ake a bar shi a jiki ya tare hasken rana, sabulun da aka wanke ba ya kare kowa daga komai. In da gaske fatar kwastomominki tana canza launi to wani abu ne daban a cikin haɗin, kuma shi ne abin tsoro.

Zee Ƙamshi: Akwai wani ruwa da wata hoda da nake saya a haɗe a wajen mai kayan kemikal, bai gaya min sunansu ba ya ce sirrin sana'a ne.

Hajiya Mai Sabulu: Zee 'yata ina roƙonki ki tsaya da wannan sabulun har sai kin san abin da ke ciki. Abubuwan da ke canza fata da sauri mun san su, haidurokwinon ne da sitiroyid da makuri, kuma NAFDAC ta daɗe tana jan kunne a kansu, makuri har ƙoda yake taɓawa. Na ga yarinya da idona fatar hannunta ta yi siriri jijiyoyi sun fito, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa wata da watanni. Wanda ba zai gaya miki sunan abin da zai hau jikin mutane ba bai kamata ki ba shi kuɗinki ba, in wani abu ya faru sunanki ne a jikin ledar ba nasa ba.

Zee Ƙamshi: Na ji Hajiya, ban ɗauka abin ya kai haka ba. Gobe zan koma wajensa, in bai faɗa ba na bari.

Anti Larai Jos: Amma shi kansa taitaniyom ɗin fa? 'Yata ta turo min cewa Turawa sun hana shi wai yana kawo ciwon daji.

Malam Kemist: Magana biyu ce aka cakuɗa Anti. Ta farko ta abinci ce. Ana sa shi a alewa da cingam da kayan kek da lambar E171, Faransa ta dakatar da shi a abinci a 2020, a 2021 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce ba za ta iya ci gaba da cewa yana da aminci a ci ba, a 2022 aka hana shi a abinci a ƙasashen Tarayyar. Amurka har yanzu ta bar shi a abinci muddin bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Ta biyu ta shaƙa ce, a 2006 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin 2B, abubuwan da mai yiwuwa su jawo ciwon daji, saboda abin da aka gani a huhun ɓeraye da suka shaƙi ƙurarsa mai yawa. A kayan shafa da sabulu ana amfani da shi har a Turai, za ki ga CI 77891 a jikin kwali, shi ne. Saboda haka mai wanka da sabulun ba shi ne abin damuwa ba, ke mai buɗe leda kullum ƙura na tashi ke ce za ki sa takunkumi, ki kashe fanka lokacin awo, ki kori yara daga wurin. Kwalbar Hajiya ma tana taimakawa a nan, sau ɗaya za ki buɗe hodar ki dama da yawa ki ajiye.

Baban Sadik: To ni a wajen masu kayan fenti nake ganin sa da arha, buhu kilo 25, wannan fa?

Malam Kemist: Wannan don fenti aka yi shi, ba a tace shi da niyyar ya hau jikin mutum ba. Na kayan shafa yana da iyaka a kan dalma da asinik da makuri, a ƙa'idar Amurka dalma ba za ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Ga na wanka ku nemi na kayan shafa ku ce a nuna muku buhun asali ko takardarsa. Kuma da yake ana ƙulla shi a leda ba suna, wasu suna cakuɗa shi da alli. Ku ɗiga ruwan khal ko lemun tsami a kan kaɗan, in ya yi kumfa yana tsiii akwai alli a ciki, taitaniyom zalla ba ya motsi. Ba duk algus wannan gwajin ke kamawa ba amma yana kama wanda ya fi yawa. Kada kuma ku sayi wanda aka rubuta nano, ƙwayarsa ta yi ƙanƙanta sosai ba ya ba da fari, na man kare rana ne.

Maman Ilham: Na gwada yanzun nan da lemun tsami, nawa ya ɗan yi kumfa kaɗan. Ashe shi ya sa na ga cokali ɗaya bai yi komai ba na yi ta ƙarawa. Allah ya isa dai. Na kuma kira mai odar ta yarda da turaren lemun tsami.

Ummi Maraɗi: Wanda ya tsage ɗin kar ki zubar, in gwajin harshe ya fita lafiya ki bar shi ya bushe ku yi wanka da shi a gida, ko ki goge shi da magogi ki watsa cikin wani haɗi mai kala.

Maman Ilham: Salam 'yan uwa na dawo bayan kwana huɗu. Na farkon ba soda ba ce, bai fizge ni ba ko kaɗan. Na samo hodar a wani shagon daban aka nuna min buhun, ta mai ce, na dama a kwalba ta kwana. Na cire manja na sa kitse 400, man kwakwa 300, man zaitun wanda aka tace mara kore 300, na sake lissafin soda, ruwa ninki biyu kuma rabinsa ƙanƙara na sa, hoda ƙaramin cokali biyu. Bayan sallar asuba na haɗa na ajiye a tsakar gida a inuwa kan bulo ba rufi. Ya yi saurin kauri kamar yadda Malam ya ce har na ɗan rikice wajen zubawa, saman bai kwanta sumul ba, amma na yanka jiya babu layi babu ɗigo ko ɗaya, fari ne sosai, in na ɗora shi kusa da takarda ne kawai nake ganin ɗan ruwan madara. Sai dai wani fari-fari kamar toka ya fito a saman.

Hajiya Mai Sabulu: Masha Allah. Tokar nan soda ce ta saman da ta haɗu da iska tun sabulun bai gama kamawa ba, ba ta cutarwa, ki kankare da wuƙa ko ki goge da tsumma mai ɗan danshi. Ɗan ruwan madarar kuma ki bar shi kada ki ƙara hoda, zai ƙara haske in ya bushe. Ki jera su a tsaye da tazara a inda iska ke ratsawa ba rana, kina juya su duk bayan kwana uku. Sati huɗu cif kike da shi kafin bikin, kada ki sa su a leda sai ana gobe za ki kai.